Haƙarƙari Uku

Saura kwana goma sha ɗaya iyayen Malam su zo gidan su Auta a yi maganar aure, ta karya wa mahaifinsa haƙarƙari uku.

Haka danginsa suke ba da labarin, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da suke tsallakewa shi ne, lokacin da ta karya su mutumin ba ya numfashi, zuciyarsa kuma ta tsaya.

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Watan Auta bakwai ke nan da fara horon ƙwarewar likita a sashen gaggawa na asibiti, ƙarƙashin babbar likitar da kowa yake kira Minti Biyu a bayan idonta. Daga bakinta sunan ya fito. Duk lokacin da ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, takan tsaya a gefe da agogo a hannu, da zarar lokaci ya cika ta ce, "Minti biyu, a canza hannu." A cewarta hannu yana gajiya tun kafin mai shi ya sani, kuma ba ta sauraron musu a kan haka.

Tasi ce ta tsaya a bakin ƙofa, wata dattijuwa ta fito tana kururuwa, aka ciro wani mutum jikinsa duk garin katako. Kafin a gama ɗora shi a gadon turawa jikinsa ya saki. Auta ce ta fi kusa. Ta taɓa wuyansa ba ta ji bugu ba. Ta zaro almakashi daga aljihu ta tsarge rigarsa tun daga wuya har ƙasa, ta haye gadon ta durƙusa, ta haɗa tafukanta a tsakiyar ƙirjinsa ta fara dannawa tana ƙirgawa. Ana tura gadon tana kai.

A dannawa ta ashirin da wani abu ta ji ƙashi ya ce ƙas a ƙarƙashin hannunta. Ba ta tsaya ba. An koya musu cewa hakan yana faruwa, musamman ga masu shekaru, kuma ƙashi yana haɗewa daga baya.

Sai da nas ta ɗaga haɓarsa za ta sa masa abin numfashi sannan Auta ta kalli fuskar. Baban Malam ne, kafintan da sau biyu kacal ta taɓa gaishe shi, kanta a sunkuye.

"Minti biyu, a canza hannu."

Aka ce kowa ya janye, aka ba shi wutar lantarki a ƙirji da na'ura. Kafin wanda yake jiran layi ya matso, Auta ta sake hayewa.

"Na ce a canza hannu."

"Ban gaji ba."

Minti shida ta yi, sai da nas biyu suka janye ta da ƙarfi. A karo na uku da aka ba shi wuta zuciyar ta dawo, layin da ke kan allon na'ura ya fara tsalle a hankali. Auta ta jingina da bango.

Da yamma Minti Biyu ta kira ta ofis.

"Waye shi a wurinki?"

"Baban wanda zan aura ne."

"Da kin faɗa tun a minti na farko, da na cire ki. Don ya rayu ba zan ce kin yi daidai ba. Dannawarki ta ƙarshe ko rabin zurfin da ake so ba ta kai ba, ina kallo." Ta jawo littafin horon Auta ta yi rubutu. "Sati biyu, kullum rabin awa a kan mutum-mutumin roba. Shi dai ba surukin kowa ba ne."

Dattijuwar da ta kawo shi yayarsa ce, wadda duk zuriyar suke kira Gwaggo. Kafin a ja labule ta ga abin da ta gani. Yarinyar da ake shirin kawo musu a matsayin suruka ta haye ruwan cikin ƙaninta, ta yaga masa riga a gaban jama'a, tana danna shi kamar mai cusa kaya a buhu. Gwaggo ba ta taɓa jin ana tayar da zuciya da hannu ba. Kuma ita ba mai ganin abu ta bar shi a cikinta ba ce, kafin a fito da shi daga ɗakin ta kira mutum tara a waya.

Sai kuma Likitan Ƙashi ya ƙara nasa. Shekara guda ke nan yana neman Auta. Dogo ne, mai mota mai sanyi da dariya a kusa, kuma tun da ya duba gwiwar Umma, mahaifiyar Auta, ta daina ciwo, Umma ba ta da ɗan kirki a duniya sai shi. Shi aka kai wa hoton ƙirjin kafinta. Ya shigo ɗakin da dangi suka cika, ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce, "Uku ne suka karye. Amaryar taku akwai ƙarfin hannu." Ya yi dariya ya fita. Ko da wasa ya faɗa ko da gangan, Auta har yanzu ba ta yanke hukunci ba.

Bayan kwana biyu aka ce zuciyar kafinta ta yi rauni, ko rabin aikinta ba ta yi. Gwaggo ta haɗa wannan da wancan, lissafi ya fito mata daidai: yarinyar ta danne masa zuciya.

Akwai abin da Gwaggo ba ta gani ba. Da aka ɗauki yagaggiyar rigar za a sa a leda, wani kati ya faɗo daga aljihun ciki, ya sha ninki har ya yi laushi. Katin sashen masu ciwon zuciya ne na asibitin. Auta ta nemo fayil ɗin don a haɗa da sabon, ta karanta a tsaye. Shekara biyu da suka wuce aka gaya wa kafinta zuciyarsa ta kumbura, aka ɗora shi a kan magani iri uku, aka hana shi ɗaga nauyi. Sau huɗu ya zo ganin likita, daga nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba. A ƙasan shafin ƙarshe likitan ya rubuta cewa a zuwa na gaba a yi masa maganar duba 'ya'yansa, don irin wannan ciwon yakan bi jini. Zuwa na gaban ne bai yi ba.

Rana ta uku, bayan an cire masa bututun numfashi, ta leƙa shi lokacin da ba kowa a ɗakin.

"Sannu, Baba. Ya jikin?"

Ya kalli ƙofa, sannan ya ce da dusasshiyar murya, "An ce akwai kati a aljihuna."

"Akwai, Baba."

"Ke kika gani?"

"Ni ce."

"To ya tsaya a nan. Ba uwarsu, ba Yaya, ba shi yaron."

"Ba zan faɗa ba, Baba. Ko ba ka ce ba aikinmu ya hana. Maganar mara lafiya tasa ce."

Ya juya fuskarsa bango. Auta ta fito tana ganin ai yanzu ita da surukinta sun zama na juna, tunda akwai abin da su biyu kaɗai suka sani. Yarinta ce ta sa ta yi wannan tunanin.

Ranar da aka sa don maganar auren ta zo ta wuce ba wanda ya zo, aka ce sai jiki ya yi sauƙi. Sati uku bayan haka Malam ya same ta a bayan sashen gaggawa, inda ake jera silindar oksijin a ɗaure da sarƙa. Nan take shan shayi in ta sami hutun minti goma sha biyar. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, mutum mai magana a jere kamar yana rubutu a allo. Ranar nan ya zo da ƙurar alli a hannun rigarsa, bai ko kakkaɓe ba.

"Baba ya ce a bar maganar," in ji shi.

Ta ajiye kofin a kan dakali. "A ɗaga, ko a bari?"

"A bari."

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Gwaggo ce ta yi ta magana, ta kusa awa guda. Shi yana zaune ya rungume matashi a ƙirji. Da ta gama aka juya ana kallonsa, sai ya ce, 'Yadda Yaya ta ce.' Mama ta tashi ta shige ɗaki tana kuka."

Auta ta kawar da kai. Ta yi tsammanin komai daga Gwaggo, amma ban da wannan daga mutumin da ya san gaskiya fiye da kowa.

"Na yi musu bayani," Malam ya ci gaba. "Na karanta, na san ana karya haƙarƙari a wurin dannawa, har zane na yi musu a takarda. Abu ɗaya na kasa amsawa. Gwaggo ta ce suma ce kawai, rana da gajiya, da an yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Ta ce mutumin da bai taɓa shan ko ƙwayar ciwon kai ba, shekararsa sittin da uku yana ɗaga katako, ya shiga hannunki ya fito da rabin zuciya. Likitocin zuciya sun ce da shi kaɗai za su yi magana. Ke kina wurin, Auta. Ki ba ni magana ɗaya da zan kai musu."

Maganar tana bakinta. Gajeriya ce, ba ta kai kalma goma ba.

"Zuciyarsa ta tsaya kafin in taɓa shi," ta ce. "Wannan kowa a ɗakin ya gani."

"Me ya tsayar da ita?"

Ta kalli kofin da ke kan dakali.

"Auta, me ya tsayar da ita?"

"Ba zan iya magana a kan mara lafiya ba."

"Mara lafiya?" Ya matso kusa. "Babana ne. Ni ne fa nake tambayarki, ba ɗan jarida ba."

"Na san kai ne. Da wani ne da abin bai yi min ciwo haka ba."

Hawaye suka zubo mata, ta sa bayan hannu ta share, wasu suka biyo. Shi ma idanunsa sun kaɗa.

"Shekara uku muna tare," in ji shi. "Na jira ki kin gama makaranta, na jira kin sami gurbin horon nan. Ranakun da kike fitowa aiki ba ki iya ko magana, na zauna kusa da ke na yi shiru. Ban taɓa roƙonki komai a kan aikinki ba sai yau."

"Ka roƙe ni wani abin, don Allah."

"Ba ni da wani. Wannan nake buƙata." Ya sauke numfashi. "Ina sonki, kin sani. Amma ba zan iya ƙetare maganarsa yana cikin wannan halin ba. In na matsa wani abu ya same shi, da wane ido zan kalli Mama?"

"To ka yi min abu ɗaya. Ka je a duba zuciyarka."

Ya kalle ta da mamaki. "Tawa? Me ya sami tawa?"

"Duk wanda babansa ya faɗi haka, yana da kyau a duba shi."

"Lafiyata ƙalau," ya ce a gajiye. "Ina miki maganar aurenmu kina rubuta min gwaji."

Ƙararrawar sashen ta buga. Ta ɗauki kofin, shi kuma ya bi ta ƙofar baya ya tafi bai waiwayo ba.

A gida ma ba sauƙi. Ranar Asabar da rana Umma tana guga a falo, Auta tana ninke mata kayan, Umma ta buɗe maganar ba tare da ta ɗago ba.

"Kin dawo musu da mutum daga bakin kabari, sun saka miki da wannan. Ni dama ban ga abin da kika gani a gidan ba."

"Umma, ba su gane ba ne."

"To ki ganar da su mana. Ba ke ce likitar ba?"

Auta ta ninke zanen gado ta ajiye.

"Yaron nan na ƙashi ya sake zuwa jiya," in ji Umma. "Ya kawo min abin ɗaure gwiwa, ya zauna da babanki har ya sa shi dariya. Aikinku ɗaya, ya san me ake nufi da tashi aiki a makare. Danginsa ba za su ce kin karya kowa ba."

"Shi ne fa ya je ya gaya musu uku ne."

"Ƙarya ya yi? Biyu ne?"

"Umma."

"Ba mai yi miki dole, ke ba yarinya ba ce. Amma babanki ya ce ba zai zauna ana yawo da sunan 'yarsa a bakin mutane ba. Ƙarshen wata in mutanen nan ba su zo ba, ya rufe maganarsu, ko da daga baya sun zo da rarrafe." Ta ajiye dutsen gugar, muryarta ta sauka. "Auta, ina jin kukanki ta bango. In akwai abin da kika sani, ki faɗa ki huta."

"Ba abin da zan faɗa, Umma."

Saura kwana tara wata ya ƙare.

Ranar Lahadi tana durƙushe a kan mutum-mutumin roba tana dannawa, duk da cewa sati biyun hukuncin sun daɗe da wucewa, Minti Biyu ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me ya yi miki kike neman fasa shi?"

Auta ta zauna a ƙasa tana haki. Ba ta ambaci suna ba, ta dai yi tambayar a dunƙule. Idan sirrin mara lafiya yana cutar da likitan da kansa fa? Idan kuma akwai ɗansa da ya kamata a duba?

"Kin san amsar, shi ya sa kika zagayo," in ji Minti Biyu. "Cutuwarki ba hujja ba ce. Maganar ɗan kuwa, ba a fara ta da tsallake uban. Kin zauna da shi mai sirrin kin yi masa magana ido da ido?"

"A'a."

"To me kike yi a nan da roba?"

Washegari, Litinin, aikinta na ƙarfe biyu ne. Da sha biyu da kwata ta sauka daga bas a layin kafintoci. Shagonsa dogo ne siriri, yana warin gam da fenti, an jingina katakai a bango har rufi. An hana shi aiki, saboda haka kullum yakan ce zai je ya duba ne kawai. Ta same shi shi kaɗai a kan kujera, ya ɗora aljihun tebur a cinya yana goge shi da takardar yashi a hankali, kamar wanda ba ya so ƙirjinsa ya ji labari.

Ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon katakon.

"Likita ce ta zo, ko kuwa?"

"Duka biyun, Baba. Amma bari likitar ta fara. Kana shan maganin?"

Ya nuna wani gwangwanin ƙusa da haɓa. Ta buɗe. A ƙarƙashin ƙusoshin akwai sabbin fakitin magani, an ɓalle na kowace rana daidai. A can ƙasa kuma tsofaffi ne, ba a taɓa rabinsu ba, takardarsu ta yi tsatsa-tsatsa.

"Waɗannan fa me ya sa ka bari?"

"Ɗaya jiri yake sa ni in na hau tsani. Ɗaya kuma duk rabin awa sai na zaga. Mutum yana magana da mai kaya yana neman hanyar bayi."

"Da ka koma ka faɗa, da an canza maka su. Abu ne na minti biyar."

"Da," in ji shi.

Ta rufe gwangwanin ta mayar inda yake. Ta jawo wani benci ta zauna a ɗan nesa da shi.

"Baba, me na yi maka?"

Takardar yashin ta tsaya.

"Ba abin da kika yi min sai alheri. Na sani."

"To me ya sa?"

A shagon da ke kusa wani yana yanka katako da inji, sai da ƙarar ta lafa sannan ya yi magana.

"Babanmu, da aka ce yana da hawan jini, shekara goma sha ɗaya ya yi a kujera ɗaya a bakin ƙofa. Ana yanke magana a gidansa, sai an gama a zo a gaya masa a hankali, wai kada ransa ya ɓaci. Gishiri ma sai ya roƙa. Ni na ga wannan da idona. Ranar da likita ya ce min zuciya, kujerar na fara hangowa."

"Ai yanzu ma sun zaunar da kai."

"Yanzu cewa suke an ji min ciwo. Wanda aka ji wa ciwo jira ake ya warke ya koma matsayinsa. Amma in suka ji shekara biyu ina ɓoye musu, na kuma ajiye magani a cikin ƙusa, uwarsu ba za ta ƙara yarda da maganata ba ko a kan kofin ruwa."

"Sai aka ɗora a kaina."

"Aka ɗora a kanki." Bai kauce ba. "Yaya ta fara, ni kuma na ga hanya na bi. In kin shigo gidan, kullum ki zo ki gaishe ni, kin san abin da na yi, na san kin sani. Ba zan iya ba. Na gwada a raina na kasa."

Auta ta kalli garin katakon da ke ƙasa. Ta zo da shirin jin haushi, sai ta tarar da tsoho mai tsoro, kuma hakan bai rage mata ciwon ba.

"Ni ma ina da tambaya," in ji shi. "Sama da wata guda ke nan. Kullum yaron nan ya shigo gida sai in kalli fuskarsa in ga ko kin faɗa. Me ya hana ki?"

"Ka ce kada in faɗa."

"In na ce har abada fa?"

"Har abadan ne."

"Ko za ki rasa shi?"

Nan ta kasa riƙewa. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi a gaban Umma ba, ta bar hawayen suna zuba ba ta share ba.

"Baba, ina son ɗanka. Tun da nake ban taɓa son kowa haka ba. Babanmu ya ce ƙarshen wata zai rufe maganar, saura kwana bakwai. Na san in na buɗe baki yau, gobe Gwaggo ba ta da ta cewa. Amma a kan gadon asibiti ka ba ni maganar nan, kana ganin ni likita ce. In na fitar da ita don ta yi min amfani, gobe ban san da wace fuska zan tsaya a kan wani gadon ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban zo roƙon auren ba," ta ce tana jan hanci. "To, na zo, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai abin da ya fi shi. Irin ciwon nan naka yakan bi jini. Ya kamata a duba zuciyar ɗanka da ta ƙannensa. Na ce masa ya je, ya ce lafiyarsa ƙalau, saboda ban iya gaya masa dalili ba."

"Sun faɗa min ranar da aka sallame ni," in ji shi a hankali. "Na yi kamar ban ji ba."

"Ka ji, Baba. Kai ma lafiyarka ƙalau kake gani har ranar Talatar nan. Kai an yi sa'a tasi tana kusa. Shi a gaban allo yake wuni, ba wanda ya iya danna ƙirji a makarantar."

Kafinta ya ajiye aljihun teburin a ƙasa, ya dafe gefen ƙirjinsa saboda sunkuyawar. Ya daɗe yana kallon ƙofar shagon. Sannan ya laluba aljihu ya ciro waya, ya nisanta ta da idonsa yana neman lamba.

"Kana aji? To in ka fito ka zo shago. Kai kaɗai. A'a, lafiya. Ka dai zo."

Ya kashe wayar.

"Ya ce nan da rabin awa. Ki zauna."

"Za ka gaya masa?"

"Ban ce ba. Ban san abin da zai fito daga bakina ba sai na gan shi. Wataƙila in kina zaune in iya. Wataƙila kuma in kina zaune ne zan kasa."

Ta kalli agogon hannunta. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Daga nan zuwa asibiti bas biyu ne, da cunkoso ya fi awa guda.

"Ba zan iya zama ba, Baba. Ƙarfe biyu zan karɓi aiki."

Ya ɗago ya kalle ta, karo na farko tun shigowarta. "Aurenki ake magana, yarinya."

"Na sani. Wanda zan karɓa tun shida na safe yake tsaye, kuma mu biyu ne kawai yau."

Ta miƙe ta gyara jakarta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kada ka sunkuya haka, in abu ya faɗi ka bar shi. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta bar shi zaune da wayar a hannu.

A cikin bas ta yi ta duba tata wayar, ba kira ba saƙo. Ta lissafa a ranta: yanzu ya fito daga makaranta, yanzu ya iso layin, yanzu ya zauna a bencin da ta tashi. Daga nan lissafin ya ƙare mata, don ba ta san me aka ce ba.

Biyu saura minti biyar ta shiga ɗakin canza kaya. Ta sa rigar aiki, ta ɗaure kanta, ta zura almakashi a aljihu. Ba a shiga ɗakin farfaɗo da marasa lafiya da waya, saboda haka ta buɗe lokarta, akwatin ƙarfen ajiyar kayanta, za ta ajiye. Tana miƙa hannu wayar ta kama ruri. Sunan Malam ne a kan gilashin.

Nas ta turo ƙofa ta leƙo da kai.

"Likita, hatsarin mota. Mutum uku, ɗaya ba ya motsi. Sun ce minti huɗu suna nan. Ke ce a gado na ɗaya."

"Ina zuwa."

Wayar ta katse, ta sake kamawa. Minti huɗu sun isa a ji magana ɗaya. Amma Auta ta san kanta yanzu. Ko wace amsa ce a cikin wayar nan, in ta ji ta, hannunta ba zai zauna daidai a ƙirjin mutumin da ake kawowa ba.

Ta ajiye ta a kan takalmanta, ta rufe lokar ta murɗa makulli. Tana jin ƙarfen yana ɗan kaɗawa da rurin, ta zari safar hannu biyu daga kwali ta fita tana sawa.